Daga Wuƙa Zuwa Roba: Yadda Aikin Mafitsara Ya Sauya a Ƙasarmu

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kankiya da Kusada, da na Rimaye, Kafin Soli, Tafashiya, Yashe da Mawashi, har da direbobin da ke jiran fasinja a Gidan Mutum Ɗaya da rediyo a kunne.

Yau shirin zai taɓo wata gaɓa da ba a cika ambatonta a zaure ba, wato mafitsara. Duk wanda ya taɓa riƙe ledar fiyawata a tafin hannu ya san girmanta, don idan ta cika abin da take ɗauka bai wuce rabin lita ba, daidai da leda guda. Ƙoda biyu ne ke tace fitsari dare da rana, su turo mata ta wasu siraran hanyoyi, ita kuma ta adana har mai ita ya sami sararin kewayawa. Ba wanda ke yi mata sannu da aiki. Sai ranar da ta huje, ko ta fara zubar da jini, ko ta toshe, ake tunawa da ita.

Matsalolin nan uku kowace da mutanenta. Hujewa ta fi samun yarinyar da ta sha doguwar naƙuda. Jini ya fi samun yaron da ke wanka a rafi da dam. Toshewa kuwa ta dattijon da ya ba sittin baya ce. A cikin shekaru arba'in da suka wuce, aikin da likitoci ke yi wa mutanen nan uku ya sauya ƙwarai a Najeriya. Wuƙa tana ja da baya, roba da madubi da ƙwayar magani suna matsowa gaba. Wani babban kaso na wannan sauyi kuwa a nan jihar Katsina ya faru, a wurin da bai fi tafiyar awa guda da 'yan mintoci a mota daga Kankiya ba.

(Gajeren kiɗa)

A fara da yoyon fitsari. Labarin kusan iri ɗaya ne a ƙauyuka da yawa. Yarinya ta koma gidan iyaye goyon ciki. Naƙuda ta kama ta da daddare, ta cije don haihuwar fari ce, kunya ba ta bari a ji muryarta. Gari ya waye, rana ta faɗi, wani garin ya sake wayewa, shiru. Ungozoma ta ce a ƙara haƙuri. Miji yana ci-rani, babu mai ba da izinin tafiya asibiti, ko an sami izinin babu mota.

Duk tsawon wannan lokaci kan jinjiri yana danne da mafitsarar uwa a jikin ƙashin ƙugu, kamar yatsa a tsakanin ƙofa da dokinta. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Yawanci jinjirin ba ya zuwa da rai. Bayan kwana uku zuwa goma mataccen naman ya ɓantare, sai rami ya buɗe tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Mai jego ta farka ta tarar da tabarma sharkaf, ta ɗauka fitsarin kwance ta yi. Ta wanke, ta shanya, kafin azahar zane ya sake jiƙewa. Wasu har da ɗingishi, saboda jijiyar ƙafa ma ta sha danna.

Ciwon ba na Hausawa kaɗai ba ne, kuma ba sabo ba ne. Matan Turai da Amurka sun sha fama da shi. A tsakanin 1845 da 1849 wani likita mai suna James Marion Sims ya yi ta gwada ɗinke shi a jikin bayi mata baƙaƙen fata a jihar Alabama, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, sai da aka yi mata aiki kusan sau talatin kafin ɗinki ya kama. Yau a Amurka da Ingila likita kan yi ritaya bai taɓa ganin mai yoyon fitsari na naƙuda ba. Ƙwarewa a ɗinki ba ita ta kore shi daga can ba. Abin da ya kore shi shi ne mace ta daina kwana biyu tana naƙuda babu mai ciro mata ɗa ta hanyar tiyata.

A arewacin Najeriya, alƙaluman farko masu nauyi daga Zariya suka fito. Wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1980, ya wallafa sakamakon a 1983. Fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Kashi 13 kuwa yankan gishiri ne, wato yankan da ungozoma ko wanzami ke yi da aska ko reza a gaban mace da sunan buɗe hanya, aska ta zarce ta shiga mafitsara.

A wancan zamani ƙa'idar likitoci ita ce a jira. Mace ta zo da sabon yoyo, a ce ta koma gida sai bayan wata uku ko fiye, wai naman ya huce kafin a ɗinke. Wata ukun nan kuwa su ne mafi ɗaci a rayuwarta. A cikinsu ake ware mata kwano, a cikinsu kishiya ke toshe hanci, a cikinsu takardar saki ke isowa.

A shekarar da aka wallafa binciken Zariya, 1983, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya sauka a Babbar Ruga da ke bayan garin Katsina, kan hanyar Batsari. Asibitin kutare ne a lokacin, kuma aikin kuturta ya kawo shi. Amma ya tarar da mata masu yoyo suna zuwa neman taimako, a 1984 ya fara yi musu aiki. Labari ya bazu kasuwa-kasuwa. Mata suka riƙa tahowa daga Daura, Funtuwa, Zamfara, har daga Maraɗi da Damagaram. Daga baya aikin ya haɗa da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala Muhammad a Kano. Mutanen Kankiya da Kusada sai suka sami kansu a tsakiya: cibiya a wannan kan titi, cibiya a wancan. Waaldijk ya yi aiki sama da 20,000 da hannunsa, ya kuma koyar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya daga ƙasashe da dama.

Babban abin da ya sauya shi ne dokar jira. Ya lura cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, aka bar ta makonni huɗu zuwa shida, tana shan ruwa da yawa, mafitsara na zama fanko ko da yaushe, bakin ramin ya haɗu, ƙaramin rami ya rufe da kansa. Wadda nata bai rufe ba, a ɗinke shi da zarar wurin ya yi tsabta, ba sai an ƙirga watanni ba. A 2004 ya wallafa bayanin mata 1,716 da suka zo da sabon yoyo a Katsina da Kano. Kimanin kashi 15 cikin ɗari roba kaɗai ta warkar da su, wuƙa ba ta taɓa su ba.

Robar nan ba wata abar mamaki ba ce. Siririn tiyo ne mai laushi, da ɗan balan-balan a bakinsa wanda ake cikawa da ruwa bayan ya shiga mafitsara don kada ya zame. Wani likitan Amurka, Frederic Foley, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930. Wanda ya taɓa shiga harabar asibitin masu yoyo ba zai manta da abin da ya gani ba: mata suna yawo a inuwar bedi, kowace da ɗan bokitin roba a hannu, tiyo ya fito ta ƙarƙashin zane ya faɗa ciki, a ɗaya hannun kuma gorar ruwa. Ma'aikaciyar jinya na wucewa tana leƙa bokitai. Ta ga fitsari ya yi ja-ja ta tsaya: "Ke 'yar nan, ina ruwanki? Ɗaga ki shanye ina gani." Ta ga ya yi fari kamar ruwan rijiya ta wuce. A wurin nan babu mai toshe hanci don wata.

Ko bayan ɗinki ma an rage wahala. Da, mako biyu ko fiye ake barin roba. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka takwas, har da Najeriya da Nijar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2015, ya nuna cewa ga ramin da bai da sarƙaƙiya kwana bakwai sun wadatar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana bakwai zuwa goma. Ma'anarsa gadon da mace ɗaya ke riƙewa a da, yanzu kusan biyu za su more shi.

Wuraren aiki ma sun yawaita. A farkon 2005 an yi gangamin mako biyu a Kano, Katsina, Sakkwato da Kebbi tare da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi wa mata fiye da 500 aiki. Babbar Ruga ta zama cibiyar gwamnatin tarayya, kamar ta Abakaliki a jihar Ebonyi da ta Ningi a jihar Bauchi, kuma aikin kyauta ne. Akwai cibiya a Jahun ta jihar Jigawa, akwai a Jos. A ƙetaren iyaka, an buɗe wata a 2012 a Danja ta kusa da Maraɗi, ita ma a harabar tsohon asibitin kutare. Ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara kuma duniya ke tunawa da wannan ciwo. Duk da haka, ƙiyasin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ya nuna ana samun sababbin masu yoyo kimanin 12,000 a shekara, adadin da ya fi ƙarfin masu ɗinki.

Akwai kuma sabon salo da likitocin yoyo ke ƙara gani a Afirka: ramin da aka samu a ɗakin tiyata, lokacin ciro jariri ko cire mahaifa, a hannun wanda bai ƙware ba, ko a jikin macen da aka kawo bayan nama ya riga ya ruɓe. Wannan ba dalilin gudun tiyata ba ne. Dalili ne na zuwa da wuri, kuma asibitin da ke da ƙwararru. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta, a shekarar kuma Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta fara ɗaukar nauyin aikin masu yoyo.

(Kiɗa na rabin minti)

Masu sauraro, daga ɗakin mai jego shirin zai gangara bakin ruwa. Lokacin bazara, rana ta take, yara sun taso daga makarantar allo ko sun kai dabbobi shan ruwa. Riga a kan dutse, sai tsalle cikin dam. Bayan wata biyu ko uku, yaro ya tsuguna bayan gida, ya ga a ƙarshen fitsarinsa jini ya ɗiga. Ya gaya wa abokinsa, abokin ya yi dariya ya ce shi ma haka yake. A wasu wurare har manya na cewa alamar girma ce.

Tsargiya ce. Wata tsutsa ke kawo ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi. Daga can 'ya'yan su fito dubbai, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko mai wanka ne, ko mai wanki, ko mai su, ko manomin rani. Ba sai an sha ruwan ba. A cikin jiki su girma, su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, macen ta yi ta zuba ƙwai masu ƙaya. Waɗanda suka ratsa bangon mafitsara su ne ke fitowa da jini. Waɗanda suka maƙale kuwa su ne babbar matsala, don shekara da shekaru suna cin wurin, bangon ya yi tabo ya taurare, wani lokaci ya rikiɗe ya zama sankara.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu tsargiya. A nan kusa, binciken da aka wallafa a 2016 kan ɗaliban ƙananan sakandare a kewayen madatsar Zobe, a yankin Dutsin-Ma, ya samu fiye da ɗaya cikin kowane biyar na ɗauke da ita. Duk ruwan da ke kwance, daga dam ɗin Kusada har kududdufin bayan gari, wuri ne da dodon koɗin zai iya zama. Rahotannin asibitocin koyarwa na Sakkwato, Zariya da Kano sun daɗe suna nuna cewa irin sankarar mafitsara da ke da alaƙa da tsargiya tana da yawa a arewa, tana kama mutane da sauran ƙarfinsu, kuma mafi yawa ba sa zuwa sai ta yi nisa. A Turai taba sigari ce kan gaba wajen jawo sankarar mafitsara. A nan, ga taba ga tsargiya.

Masar ta nuna abin da ke faruwa idan ƙasa ta tashi tsaye. A can tsargiya ta yi katutu a bakin kogin Nilu, har cire mafitsara ɗungurungum ya zama aikin yau da kullum, kuma cibiyar Mansura da Farfesa Mohamed Ghoneim ya jagoranci buɗewa a 1983 ta yi suna a duniya a kansa. Da aka dage da rabon magani, lissafi ya juya. Bayanan cibiyar sankara ta ƙasa da ke Alƙahira sun nuna cewa a farkon shekarun 1970 kusan uku cikin huɗu na masu sankarar mafitsara irin ta tsargiya ce, amma zuwa 2007 ta koma kusan ɗaya cikin uku.

Maganin da ya yi wannan aiki sunansa farazikwantel, wanda aka samar a shekarun 1970. Shi ne ƙwayar nan fara mai ɗaci da ake rabawa a makarantun firamare, a tsayar da yaro jikin sanda mai zane-zane, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007. Sharaɗinta ɗaya, a sha bayan an ci abinci, in ba haka ba takan sa jiri da tashin zuciya. Uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta ranar rabo don jin jita-jita, ya kamata ya san me ƙwayar nan ke tarewa.

Ga wanda sankarar mafitsara ta riga ta kama, hanya biyu ce. Idan tsiron yana ƙarami, likita zai zura wani siririn madubi mai fitila ta hanyar fitsari, ya ga cikin mafitsara a allon talabijin, ya kankare tsiron da waya mai lantarki, ba yanka ko ɗaya a fata. Bajamushe Max Nitze ne ya gabatar da wannan madubi a 1879, amma a arewacin Najeriya bai wadatu ba sai a 'yan shekarun nan, kuma har yau a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan kuwa tsiron ya ci bango, sai a cire mafitsara gaba ɗaya, a karkatar da fitsari zuwa leda a jikin ciki ko zuwa hanji, mutum ya rayu haka har ƙarshen kwanansa.

(Gajeren kiɗa)

Sai dattijo. Wanda ya saba zuwa babban asibitin Kankiya, ko kowane babban asibiti a jihar nan, ya san shi ko da bai san sunansa ba. Yana zaune a ƙarshen benci, babbar riga ta rufe gwiwa, hannu ɗaya a ƙarƙashinta yana riƙe da wata leda da ba ya so a gani. Ɗansa na tsaye da kati. In layi ya zo, ma'aikaci ya ce, "Baba, yaushe aka sa wannan robar?" Baba ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa, sannan a ce tun kafin azumi.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan nama mai girman goro, likitoci na ce masa furostet, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Da shekaru sun ja yakan ƙara girma, kusan rabin mazan da suka kai sittin nasu ya ƙaru. Idan ya ƙaru sai ya shaƙe hanya. Alamun a hankali suke zuwa. Mutum ya tashi sau huɗu ko biyar kafin asuba. Fitsarin da yake harbawa da nisa ya koma ɗiga a kan takalmi. Ya gama, ya yi tsarki, ya yi alwala, yana shiga sahu ya ji danshi a wando. Ba ya gaya wa kowa. Wata rana bayan doguwar tafiya a mota, ko dare mai sanyi, hanya ta rufe ruf. Mara ta kumbura ta yi tauri, gumi ya keto, dattijon da ba a taɓa jin kukansa ba ya riƙa salati da ƙarfi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ana zura roba, fiye da lita guda ta zubo, sai barci.

Tsohon aikin wannan ciwo yanka ne a mara. A buɗe mafitsara, likita ya sa yatsa ya ɓare naman kamar yadda ake ɓare lemo daga ɓawonsa. Likita Peter Freyer ya yaɗa wannan hanya a Landan a farkon ƙarni na 20. Tana aiki, kuma ga naman da ya yi girma sosai har gobe ana bukatarta, sai dai tana cin jini, tana kuma kwantar da mutum mako guda ko fiye. Tun shekarun 1930 Amurkawa suka koma kankare naman ta madubi, mutum ya kwana biyu ko uku ya tafi gida. Zuwa shekarun 1980 aikin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yi wa tsofaffin maza a can. Da magungunan sassauta hanya da na rage girman naman suka fito a shekarun 1990, sai shi ma ya ragu ƙwarai.

Najeriya tana bin sawun nan, amma ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. A asibitocin koyarwa aikin madubi na ƙaruwa, magungunan kuma sun shigo kantuna. A asibitoci da dama kuwa yanka ne har yanzu, saboda na'urar tana da tsada, tana son lantarki tsayayye, kuma likitocin wannan fanni kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Shi ya sa dattijai da yawa ke zama da roba wata da watanni suna tara kuɗin aiki. Mai roba ya sani, irin ta gama-gari ana sauya ta kamar duk mako huɗu, ledar kuma ƙasa da mara ake riƙe ta don kada fitsari ya koma ciki, ruwa kuma a sha shi sosai. Wadda ta daɗe takan tara ƙwayoyin cuta, ta yi tsakuwa, har ta taɓa ƙoda. Kuma ba kowace toshewa ce ta tsufa ba. Akwai sankarar furostet, akwai tabon ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba, gwaji ne kawai ke bambance su.

Tsakuwar mafitsara ma ta bi wannan hanya. Tana samun dattijon da fitsari ke kwana a cikinsa, tana samun ƙananan yara maza a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sha, a ga yaro na kuka yana jan gabansa in zai yi fitsari. Shekaru dubu da suka wuce, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu a 1013, ya bayyana yadda ake ciro ta, ya kuma zana bututun azurfa na fitar da fitsarin da ya toshe. Yau inda akwai kayan aiki, ta madubi ake farfasa ta a wanko gutsattsarin. Inda babu, ko in ta yi girma, a yanka.

(Kiɗa, a sassauta)

Duk sababbin hanyoyin nan sharaɗinsu ɗaya, lokacin da mutum ya iso. Robar Babbar Ruga sabon rami take rufewa, ba na shekara uku ba. Madubi ƙaramin tsiro yake kankarewa. Ƙwayar maganin furostet ba ta da amfani ga mafitsarar da ta riga ta saki.

Saboda haka ga abin da ma'aikatan lafiya ke roƙo. Naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta asibiti ce, kuma maigidan da zai tafi ci-rani ya bar izini da kuɗin mota tun kafin ya fita. Mai jegon da ta ga fitsari na zuba ba da saninta ba, a kai ta a cikin kwanakin nan, kada a jira arba'in. Wadda aka yi wa ɗinki ta bi wa'adin da likita ya ɗiba kafin komawa shimfiɗar miji, cikin da ta samu nan gaba kuma a asibiti za ta haife shi. Jini a fitsari, na yaro ne ko na babba, da zafi ko babu zafi, a kai shi gwaji. Dattijon da ke tashi dare sau da yawa ya faɗa wa ɗansa. Masu barin salla saboda ɗigar fitsari kuma su tuntuɓi malamai, don littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin salasul bauli da sauƙin da aka yi wa mai wannan larura.

Matakin farko bai da nisa. Ɗakin shan magani na unguwa, ko babban asibitin Kankiya, su za su duba, su sa roba in ta kama, su rubuta takardar turawa zuwa Babbar Ruga, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Kano. Da yawa daga cikin ma'aikatan da za a tarar a ƙananan asibitocin nan a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya suka yi karatu, 'ya'yan yankin ne, da Hausa za a yi magana.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Mai tambaya ya aiko ta hanyoyin da aka saba, ba sai ya faɗi sunansa ba, za a karanta a amsa a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)